Kowa Ya Sayi Inbata Ya Zama NEPA a Gidansa

A gidan da ke da sola, ɗauke wuta ya daina zama labari. Fanka ba ta rage gudu, talabijin ba ta ko ƙiftawa, abin da kawai ake ji shi ne wata 'yar ƙara, ƙas, daga akwatin da ke manne a bangon baranda ko a lungun sito. Yaran gida sai sun ji janaretocin layi sun tashi kafin su san an ɗauke. Wannan 'yar ƙarar ta wani makunni ce a cikin inbata, wanda ya cire gidan daga layin kamfani ya ɗora shi a kan batir. Mai gida yana jin ta a matsayin shaidar cewa kuɗinsa bai tafi a banza ba, kuma gaskiyarsa. Sai dai a daidai wannan lokaci gidan yakan rabu da abu biyu: ɗaya an maye gurbinsa nan take, ɗayan kuwa sau da yawa ba a ma san an rasa shi ba. Na farkon shi ne wutar kanta. Na biyun wani ɗauri ne da ke can gindin taransifomar unguwa, inda aka haɗa wayar nutural da ƙasa, kuma a kansa ne kusan duk kariyar da gida ke da ita daga jan wuta ta jingina. Fitila ba ta neman wannan ɗauri kafin ta kama, firji ma bai san da zamansa ba. Mai neman sa shi ne mutumin da ya dafa ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu.

Maganar ta zama tamu ne saboda gudun da sola ta yi ta shigo gidaje. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, janareta ya koma abin da ake tayarwa da lissafi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A ƙarshen Oktoban 2024, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna kuma layin da ke tasowa daga Ugwuaji ta Apir shi ma ya tsaya, jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda a duhu. A Nijar, katse wutar da Najeriya ke turawa a Agustan 2023 ya koya wa mutanen Maraɗi da Damagaram darasi iri ɗaya. Duk mai hali ya nemi farantan sola da batir, kuma duk yaron da ya iya riƙe filaya ya zama injiniya. Ana ciniki a kan yawan faranti, da girman batir, da ko inbatar za ta ja firiza da famfon rijiyar burtsatse. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, daga ranar da aka kunna masa, ya zama kamfanin wuta a gidansa, kuma ya gaji wani nauyi da kamfanin ke ɗauke masa shiru tun zamanin NEPA. Nauyin shi ne a tabbata gidan yana da ɗaurin da yake jingina da shi a kowane lokaci, na kamfani idan akwai wuta, nasa na kansa idan an ɗauke. Rashin ɗaurin haɗari ne, haka nan ɗaura shi da ka a inda bai dace ba.

Kafin a gane dalili, sai an gyara wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane, wato cewa ƙasa tana shanye wuta kamar yadda yashi ke shanye ruwa. Wutar lantarki ba ta ƙarewa a cikin fitila yadda kananzir ke ƙarewa a aci-balbal. Zagaye take yi: ta fito daga inda aka samar da ita, ta ratsa fitila ko fanka, ta koma gida. In babu hanyar komawa, ba ta ma fitowa. Shi ya sa soket ɗin bango ke da rami uku. Masu wayarin suna kiran wayar da ke kawo wuta layif, ja ce a tsohon wayarin, ruwan ƙasa a sabo. Wadda ke mayar da ita ita ce nutural, baƙa a da, shuɗiya a yanzu. Ta ukun, koriya mai ratsin rawaya, ita ce wayar ƙasa, wadda aikinta ake kira atin. Tana haɗe da jikin ƙarfen kowane kayan wuta a gefe guda, a ɗaya gefen kuma tana haɗe da rodin tagulla da aka kafa a ƙasa. A ranar lafiya ba ta ɗauke da komai. Hanyar gaggawa ce, ana ajiye ta ne don ranar da waya ta goge ta taɓa jikin firji ko na dutsen guga. Amma hanya ba ta da amfani sai tana kai wa wani wuri. Wutar da ta ɓalle ba ƙasa take nema ba, tushenta take nema, ƙasa kuwa hanya ce kawai idan an haɗa tushen da ita.

Wannan haɗin shi ne ɗaurin da ke gindin taransifoma. Wanda ya ɗaga kai ya dubi falwaya zai ga waya huɗu, uku masu wuta, ta huɗun nutural, kuma a wurin taransifoma an saukar da ita zuwa ƙasa. A yawancin gidajenmu kamfani ba ya kawo wayar ƙasa, mai gida ne ke kafa nasa rodin. Saboda haka in wuta ta ɓalle a jikin firji, za ta bi koriyar waya ta sauka rodin gida, ta ratsa ƙasa ta isa rodin taransifoma, ta koma tushenta. A nan ne birekar yoyon wuta ke shigowa, wadda masu gyara ke kira ELCB ko RCD, wadda ake gane ta da wani ɗan maɓallin gwaji a fuskarta. Aikinta irin na makiyayi ne da ke tsaye a bakin shinge yana ƙirga shanun da suka fita da safe da waɗanda suka dawo da yamma. Tana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, in aka samu giɓin da ya kai miliamfiya 30, sai ta katse wutar cikin ƙasa da kashi 3 cikin 10 na sakan. Miliamfiya 30 bai wuce abin da ƙaramin ƙwan fitila mai wat 7 ke ja ba, amma ba da ka aka zaɓe shi ba. A wajen miliamfiya 10 hannun mutum kan ƙanƙame ya kasa sakin waya, abin da ya haura 30 kuma in ya daɗe yana iya birkita bugun zuciya. Jiƙaƙƙen jiki a kan bolt 230 yana iya ɗaukar fiye da miliamfiya 200. Injiniya Henri Rubin ya ƙera irin wannan bireka a Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1950 saboda mutanen mahakar zinariya, kuma a can ma an tafka muhawara a kan ɗaurin inbata lokacin da kamfanin Eskom ya tsananta rabon wuta a 2023.

To, me ke faruwa idan ƙas ɗin nan ta yi? Dole inbata ta raba gida da layin waje, don kada ta tura wuta ga ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton layi a mace yake, kuma don kada ta yi yunƙurin ciyar da unguwa duka da batir ɗin mutum ɗaya. Da yawa daga cikin inbatoci suna katse waya biyun ne, layif da nutural. Da zarar an katse nutural, gidan ya rabu da ɗaurin taransifoma. Yanzu tushen wutar shi ne inbata, kuma in ba a haɗa nutural ɗinta da ƙasa ba, wutar gidan tana reto ne, ba ta jingina da komai. Mai mita zai ga alamar da idonsa. Tsakanin layif da nutural zai samu bolt 230 lafiya lau. Tsakanin nutural da wayar ƙasa, inda ya kamata ya ga sifiri ko abin da ke kusa da shi, sai ya ga wajen bolt 115, ko wata lamba mai yawo da ba ta tsayawa. Tsakanin layif da ƙasa ma haka. Testa kan haska a ramukan soket biyu, jikin kwamfuta ko na dikoda kan ɗan yi wa mutum tsam a yatsa. Mutane sukan ce ai halin wutar sola ke nan. Ba halinta ba ne, alama ce ta gidan da aka bari ba ɗauri. Makiyayin nan yana nan tsaye a bakin shinge, amma an toshe hanyar da ɓatacciyar saniya za ta bi, saboda haka ƙirgensa kullum daidai yake fitowa, ko da ɓarna na cikin gida.

A ɗauki gidan da aka kwana uku ba a kawo wuta ba. A sito akwai firiza da ake sayar da ƙanƙara, ɓera ya ci robar wayarta, layif ya taɓa jikinta. A gidan da ke da ɗauri, bireka za ta faɗi nan take, a tashi a nemo dalili. A wannan gidan ba abin da ya motsa, firiza na ta aikinta, ƙanƙara na ta fita. Abin da ya faru shi ne ɓarnar ta yi wa gidan ɗauri da kanta, amma a baibai: layif ne yanzu ke haɗe da ƙasa, nutural kuma ya tashi ya zama mai bolt 230. Da magariba ƙwan banɗaki ya mutu. Mai gida ya kashe makunnin bango kamar yadda hankali ya ce, ya shiga ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil, ya miƙa hannu. Makunnin bango layif kaɗai yake katsewa, nutural yana nan har cikin mariƙin ƙwan. Da yatsansa ya taɓa shi, wuta ta sami zagayenta ta firiza da koriyar waya da rodi da ƙasa da tafin ƙafarsa. Mafi muni, idan firizar da fitilar suna bayan bireka ɗaya, ita birekar ta ga wuta ta fita ta layif ta dawo ta nutural, lissafi ya cika, ba ta da dalilin faɗuwa. Irin wannan gida yakan ba da wata alama da ake yi wa gurguwar fassara: bireka ba ta faɗuwa sai an kawo wuta. Sai a ce wutar kamfani ce ba ta da kyau, a kira yaro ya tsallake birekar da guntuwar waya, alhali ita ce kaɗai ta faɗi gaskiya a gidan.

Akwai masu cewa wutar da ke reto ta ma fi aminci, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. In wuta ba ta da hanyar komawa ta ƙasa, mutum yana iya taɓa waya ɗaya bai ji komai ba, kamar tsuntsun da ke kan wayar falwaya. Ɗakunan tiyata na asibitoci ma da gangan ake ba su irin wannan wuta, don kada 'yar ɓarna ta kashe na'ura ana tsakiyar aiki. Amma abin da ake mantawa shi ne, a ɗakin tiyata akwai wata na'ura da ke gadin wayoyin dare da rana, wadda ke yin ƙara da zarar ɓarnar farko ta auku, kuma akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan ya je ya gyara. Ɗaki ɗaya ne, wayoyinsa gajeru ne, an san kowane abu da aka jona. Gida kuwa yana da wayoyi masu tsawo a cikin bango da silin, da famfo a cikin rijiya, da hita a banɗaki, da caja mai araha a kowane soket, kuma ba mai gadi. Amincin wuta mai reto yana ƙarewa ne a ɓarnar farko, ita kuwa ba ta sallama. Haka amsar take ga mai cewa shekara nawa muna tayar da ƙaramin janareta ba ɗauri ba abin da ya faru. Janareta na awa biyu ne ko uku da dare, yana jan fitila da fanka. Inbata tana riƙe da gidan duka wuni da kwana, rani da damina. Akwai kuma mai cewa ya danna maɓallin gwajin bireka a kan batir kuma ta faɗi. Wannan maɓalli a cikin birekar yake ƙirƙirar giɓinsa, ba ya bi ta wayar ƙasa ko kaɗan. Yana shaida cewa makiyayin bai yi barci ba, ba ya shaida cewa akwai hanya.

Daga nan sai wani ya ce to abu mai sauƙi, a ɗauko guntuwar waya a haɗa nutural da ƙasa a bayan inbata, a bar ta nan har abada. Wannan shi ne ɗaya ramin, kuma ya fi ruɗi domin yana gyara karatun mita nan take. Matsalar tana zuwa ne idan an dawo da wuta. Yanzu ɗauri ya zama biyu, na taransifoma da na gida, kuma wutar da ya kamata ta koma ta nutural kaɗai sai ta rabu, wani kaso ya bi koriyar waya da rodi. Hanyar gaggawa ta zama titin yau da kullum. In akwai birekar yoyo kafin inbata, za ta riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, har a gaji a cire ta. Babban haɗarin kuwa shi ne ranar da nutural ɗin kamfani ya tsinke a waje, ko don sakin haɗi a kan falwaya, ko iska ta jefo reshe, ko ɓarayin waya sun yi aikinsu. A ranar, wutar gidan, har da ta maƙwabtan da ke bayan tsinkewar, za ta nemi hanyar komawa ta wannan guntuwar waya, kuma jikin kowane ƙarfe da aka yi wa atin, daga firji har famfo, yana iya ɗaukar wuta. Gaskiya ne a Amurka da Ostireliya akwai ɗauri na dindindin a babban akwatin kowane gida. Amma can a kan haka aka gina layin tun daga tushe, da ƙa'idar kaurin waya da ta wurin da ɗaurin zai zauna, kuma duk da haka tsinkewar nutural abin tsoro ne a wurinsu. Kwaikwayon rabin tsarin wani a kan layin da kowa ya san halinsa, ɗaukar wa kai ne.

Mafitar da ta dace da yawancin gidajenmu ita ce ɗauri mai zuwa da tafiya: ya kama idan inbata ta rabu da layi, ya saki kafin ta koma. Abin da ke yin wannan aiki shi ne rile, ɗan makunni mai sarrafa kansa. Wasu inbatocin da shi suke zuwa a ciki, kamar MultiPlus na kamfanin Victron. Wasu, kamar na Deye da Sunsynk, suna da mafitar sigina da ake kunnawa a saiti domin ta motsa rile na waje, wanda mai haɗawa ne zai saya ya ɗaura. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, wadda namu tsarin ya samo asali daga gare ta, ta hana gidan da ya koma kan wutarsa ta kansa ya dogara da atin ɗin kamfani, ta ce lallai ya kasance da nasa rodin. Amma ba kowane gida ne ke son magani iri ɗaya ba, shi ya sa aikin ba na kwaikwayo ba ne. Gidan da ba shi da layin kamfani sam, kamar na ƙauye ko na gona, ɗauri na dindindin guda ɗaya shi ne daidai gare shi. Akwai inbatocin da ba sa katse nutural, suna barin sa a haɗe da na waje, kuma ƙara musu ɗauri ninki ne. Haka gidan da aka raba kaya, fitilu da fanka a kan sola, hita da na'urar sanyaya ɗaki a kan kamfani, amma aka bar nutural ɗinsu a cakuɗe a sanda ɗaya: sai an raba su kafin a yi maganar rile. Wasu ƙananan inbatoci masu araha kuma an ƙera su ne yadda haɗa nutural ɗinsu da ƙasa zai ƙone su. Littafin da ya zo a kwali shi ne alƙali, kuma wanda bai karanta shi ba bai kamata ya taɓa wayar ba.

Ɗaurin ma shi kaɗai ba ya wadatarwa, ƙafa ɗaya ce ta murhu mai duwatsu uku. Ta biyu ita ce birekar yoyo a bayan inbata, kuma dole ɗaurin ya kasance a gefen inbata, kafin birekar, in ba haka ba an sake makantar da ita. Kada a ce birekokin da ke jere a akwati sun isa. Su aikinsu hana waya ƙonewa ne, ba tsare ran mutum ba. Bireka mai lamba 20 ta nau'in C tana neman amfiya 100 zuwa 200 kafin ta faɗi nan take. Taransifoma na iya ba da wannan, amma inbata mai kVA 5 amfiya 22 take bayarwa, in ta yi wuta ta ninka na 'yan sakanni. Ƙafa ta uku ita ce rodi, kuma a nan ƙasarmu tana da nata hali. Yashi mai bushewa ba ya son wuce wuta. Rodin da aka kafa a watan Agusta ƙasa na jiƙe, aka auna aka ga ya yi kyau, yana iya zama kamar sanda a cikin toka idan Maris ya yi. Gawayi da gishirin da ake zubawa a ramin suna taimakawa na wani lokaci, amma ruwa na wanke gishiri, shi kuma gishirin na cin ƙarfe. Ƙa'idar Ingila ta yi gargaɗin cewa rodin da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne. Saboda haka a tsakiyar rani ake auna rodi, kuma inda ɗaya bai isa ba a ƙara zurfi ko a ƙara na biyu a haɗa su.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce a ƙarƙashin duk sauran. Rile da birekar yoyo da rodi mai kyau, in an haɗa su, ba su kai kuɗin batir ɗaya ba. Dalilin da ya sa ake tsallake su shi ne ba a ganin aikinsu. Mai haɗawa da ya saka su a lissafi zai fi abokin gasarsa tsada, kuma a ranar da aka kunna, fitilun gidajen biyu haske ɗaya za su yi. Mai gida ya zaɓi mai sauƙi, ya manta araha ba ta ado. In wani abu ya faru bayan shekara biyu, a ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya yarda da ita bai fasa gina wa rijiyar tsakar gidansa baki ba. A Najeriya akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, mai alhakin duba ayyukan wayarin da ba masu yin su takardar shaidar ƙwarewa. Sai dai ba hukumar da za ta iya leƙa bayan kowace inbata a Kano da Kaduna da Sakkwato. Aikin zai gyaru ne ranar da masu saye suka fara tambaya, domin kasuwa abin da ake tambaya take kawowa. Mai haɗawar da ya san za a tambaye shi zai je ya koya, wanda ya riga ya iya kuma zai daina jin kunyar saka kuɗin a takarda.

Mai gida ba ya buƙatar zama injiniya, kuma bai kamata ya buɗe akwatin wuta da hannunsa ba. Abin da ke hannunsa shi ne cikon kuɗin aiki, kuma kafin ya miƙa shi yana da ikon cewa, “Malam, nuna mini ina ɗaurin nutural yake idan an ɗauke wuta, kuma me ke sakin sa idan an kawo.” Wanda ya san aikinsa zai nuna rile da yatsa ko ya buɗe shafin littafi. Daga nan a yi gwaji a gabansa. Ana kan wutar kamfani a auna soket: layif da nutural wajen 230, layif da ƙasa wajen 230, nutural da ƙasa kusa da sifiri. A kashe babban makunnin shigowa, inbata ta karɓa, a sake aunawa, lambobin su fito kamar na farko. A jona na'urar gwajin birekar yoyo a soket, ba maɓallin fuskarta ba, a ga ta faɗi a hali na farko, ta faɗi a na biyu. In akwai janareta a gidan, shi ma a tayar da shi a maimaita, domin shi ma tushe ne mai neman nasa lissafi. A rubuta sakamakon a takarda a manna a murfin akwati, saboda mai gyaran da zai zo baɗi ya san abin da ya tarar. Duk wannan bai kai rabin awa ba. Gidan da aka riga aka haɗa ma bai makara ba, gwajin ɗaya ne. Bayan haka, duk lokacin da aka ji ƙas daga lungun sito, mai gida ya san aiki biyu ta yi a tare: ta sallami kamfani, ta kuma karɓi amanar da kamfanin ya tafi ya bari.